Baba Sakatare, Sun Kaɗa Ƙuri'a da Rubutun Hannunka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kai kuma Baba ka riga mu isa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina tsaye gaban injin hoton takardu a ofis, wayar Mama, matarka, ta shigo. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "'Yata, Babanku ya cika." Ka karya kumallo, ka ce ƙirjinka ya yi maka nauyi, ka kishingiɗa a doguwar kujera da tabarau a goshi. Kafin a fito da mota an riga an gama. Aka yi jana'izarka bayan la'asar, kana da shekara sittin da takwas a duniya.

Ni ce na buga ta'aziyyar da kamfani ya saka a jarida, shafi guda cur, da hotonka a tsakiya da kalmomin da aka karanto mini ta waya. Waccan umarni ce aka ba ni. Wannan tawa ce, kuma ka yi haƙuri, ba za ta fito da sanyin da ya dace da mamaci ba, domin tun ranar Alhamis da ta biyo bayan rasuwarka raina a ɓace yake.

Shekara sha tara na yi a ƙarƙashinka a ofishin sakataren kamfanin katifa. Na zo ina mai buga takardu, ka mayar da ni mai rubuta bayanin taro. Ba ka da sauƙi, gaskiya ɗaya ce. Ambulan ɗaya sai ka juya shi sau uku kafin ka yarda a jefar. Ka taɓa sa ni kuka a kan kwanan wata da na rubuta ba daidai ba, ka zagaye shi da jan biro har takardar ta huje. Amma shekarar da maigidana ya kwanta asibiti, mako biyu kana zama a kujerata kana buga aikina da yatsa biyu, don kada manaja ya san ba na nan. Da na dawo na tarar da kurakurai fal a ciki, duk ka zagaye su da kanka.

Littafin masu hannun jari shi ne amanar da ka fi ji da ita. Lokacin da kamfani ya shiga kasuwar hannun jari, inda kowa ke iya sayen ɗan rabo a cikinsa, an ba ma'aikata nasu kason, masu yanka soso, teloli, direbobi da masu gadi. Yawancinsu sun ɗauka takardar yabo ce, wasu har sun sa ta a gilashi sun rataye. Na tuna ranar da Gwaggo mai keke, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana ɗinka rigar katifa, ta shigo da tata a naɗe cikin ɗankwali, wai wani dillali ya ce zai raba ta da ita ya ba ta kuɗin atamfa biyu. Ka zaunar da ita, ka aika aka kawo guntun soso daga sito, ka ɗora tafin hannunta a kai.

Ka ce, "Gwaggo, kamfanin nan katifa ɗaya ce babba. Nan da hannunki ya rufe, naki ne. Ko Ciyaman bai isa ya ɗage hannun nan ba sai da yardarki."

Ta ce, "To ashe ni ma mai kamfani ce?"

Ka ce, "Ƙwarai kuwa, sai dai ba za a ba ki mota ba."

Daga nan ne aka soma abin da muke kira karatun Baba. Duk shekara, Asabar ɗin da ta gabaci babban taro, sai ka zauna a ɗakin cin abincin ma'aikata, tsofaffi da zawarawa su cika benci, ka ɗauki sanarwar taron da lauyoyi suka murɗe ka warware musu ita layi-layi da harshen da suke sayen tumatir da shi. Babu wanda ya sa ka, ba ya cikin aikinka, daraktoci ma ba su taɓa son abin ba. Kai kuwa ko a jikinka. Ka kan ce mu muna yi wa jama'a katifa, daraktocinmu kuma a kan kujerar taro suke nasu barcin, to gara a bar waɗanda idonsu biyu su ji abin da ake ciki.

Don wanda zai karanta wannan bai san sana'armu ba, bari in faɗi abin da ya kawo rigimar yadda kai ka koya mini. Idan kamfani irin namu yana neman ƙarin jari, yana iya fitar da sababbin hannaye ya fara tallata wa masu shi, kowa gwargwadon abin da yake riƙe da shi. Yana kuma iya kiran wasu tsirarun masu ƙarfi gefe, a rufe ƙofa, a yi ciniki, a sayar musu su kaɗai. Wannan ta biyun ita muke kira sayarwa ta keɓe. Ba haramun ba ce, kai da kanka ka jagoranci irinta shekarar da gobara ta cinye sito, lokacin da ba mu da watannin jira. Amma a lokacin ka buga sunan mai saye da farashi a shafin farko da manyan baƙaƙe, farashin kuma dab yake da na kasuwa. Ƙa'idar kamfaninmu ta ce ba a yin ta sai kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un taro sun amince, tunda duk sabon hannun da aka ba wani, rabon tsofaffi raguwa yake yi. Ƙananan masu hannun jari, in sun haɗa kai, sun ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'ana ba a isa a wuce su ba.

Ta bana daban ce, kuma tun ranar farko wari take yi. Ciyaman ya shigo da wani mai ba da shawara daga banki, wanda muka sa wa Mai Turare don in ya fita daga ɗaki sai an buɗe taga. Suka kawo tsarin sayar da sababbin hannaye masu ɗimbin yawa ga "wasu masu zuba jari na musamman" guda uku, a kan kusan rabin farashin kasuwa. A cikin durowar Ciyaman kuma akwai kwangilar katifun asibitoci da aka riga aka sa wa hannu, an ɓoye ta sai bayan ciniki, don an san tana fita farashi zai tashi. Ka nemi takardun rajistar kamfanonin nan uku. Biyu adireshinsu ɗaya, bene na uku, ofishin mijin 'yar Ciyaman. Na ukun da sunan direbansa aka buɗe shi.

Ina zaune da littafina a ƙarshen tebur ranar da ka ce ba za ka sa hannu a sanarwar ba sai an rubuta sunaye da farashi a fili. Ba ka ɗaga murya ba. Ciyaman ya yi murmushi ya ce, "Malam Sakatare, ka gaji. Shekara talatin ba wasa ba ce." Daraktoci shida, manya masu furfura waɗanda ake ba sahun gaba a ko'ina, kowa ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin shayi. Cikin mako biyu aka yi maka ritaya, aka yi walima, aka ba ka agogon bango mai tambarin kamfani. Mama ta ce tun daga ranar yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado.

Sabon sakatare ya fitar da sanarwar yadda suke so. Maganar sayarwar tana can ƙuduri na bakwai, shafi na sha ɗaya, da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Aka ɗauke taron daga harabar masana'anta, inda ake yin sa tun fil'azal, aka kai shi wani otal a can ƙarshen gari inda motar haya ba ta zuwa, aka sa ƙarfe tara na safe. Aka kuma hana ka ɗakin cin abinci.

Sai ka ce tunda kai ma kana da ɗan naka hannun, za ka bi su gida-gida su naɗa ka wakilinsu. Wanda ba zai iya zuwa taro ba yana iya cike takardar wakilci ya ba wani ya kaɗa ƙuri'a a madadinsa. Asabar shida muna yawo, ni ke tuƙa ka a motar maigidana. Zan faɗi wannan don kada in yi wa kaina ado: kullum nesa nake ajiye motar, bayan wani shago ko gindin bishiya, don kada wani ɗan kamfani ya gan ni. Kai ne kake takawa da jakarka da ciwon gwiwarka, ka zauna a zaure ko a tsakar gida, ka yi karatun Baba ga mutum ɗaya ɗaya, ka rubuta masa sunansa da lambarsa da hannunka, shi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Takardar wakilcin da suka buga ta bana, sun cire gurbin da mutum zai nuna e ko a'a. Layi biyu kawai suka bari, na farko sunan wakili, na biyu sunan wanda zai tsaya in na farkon bai samu zuwa ba. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka ce in babu ko ɗayansu, shugaban taro, wato Ciyaman, zai kaɗa ƙuri'ar yadda ya ga dama. Kai ka gani tun ranar farko. A cikin mota ka juyo ka ce, "'Yata, in sa sunanki a layi na biyu?"

Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri. Yara uku a makaranta, maigida kuma ka san halin da yake ciki."

Ka ce, "Haka ne. Allah ya rufa mana gaba ɗaya." Ba ka sake tayar mini da maganar ba, ba ka kuma canza mini fuska ba, wanda da ka zage ni ma da ya fi mini sauƙi yau.

Ka gwada Mai Almakashi, tsohon shugaban masu yanka soso, wanda duk tsofaffin ma'aikata ke jin maganarsa. Ya ƙwace biron daga hannunka ya ce, "Haba Malam, kana raye muna raye a rubuta wani a bayanka? Wannan ai mugun fata ne. Wallahi ba da hannuna ba." Gwaggo ma haka ta ce, wai sa suna na biyu kamar an ce ba a yarda da kai ba ne. Magana ta zagaya, kowa ya ɗauki barin layin nan fayau a matsayin girmamawa. Ka yi musu bayani har ka gaji, daga baya ka yi dariya ka ce to ai lafiyarka lau. Amma a Asabar ta ƙarshe, muna dawowa, ka dafa jakar ka ce layin nan yana damunka.

Takarda ɗari huɗu da sha biyu ka tara, sun haura kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan rara. Ka ɗaure su da koren zare, ka kai ofis da kanka ranar Litinin, ranar da aka rufe karɓa. Ka leƙo ɗakina ka ɗaga mini gira, ka wuce. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Ranar Laraba da safe, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, Mai Turare da lauyan kamfani suka shigo ofishinmu suka nemi damin takardun wakilcin. Suna buɗawa ɗaya bayan ɗaya, lauyan yana bin layi na biyu da yatsa. Da suka kai ƙarshe sai Mai Turare ya ce, "Allah mai iko," ya kai hannu ya toshe bakinsa. Dariya ce, Baba, na ga kafaɗarsa tana motsi. Na tashi na fita.

Daga nan na kira Mai Almakashi na ce gobe kowa ya zo taron da ƙafarsa, don wanda ya zo da kansa takardarsa ta faɗi. Yana ƙofar gidanka a kan tabarma tare da sauran. Ya ce, "'Yar nan, mu bar gidan rasuwa mu tafi otal cin kaji? Me iyalinsa za su ce da mu? Ai takardunmu suna can, shi ya rubuta su da hannunsa." Na yi ta bayani, yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka ruɗewar rashi ce ke damuna. Na kira wasu talatin. Mutum tara suka zo.

Ba zan manta ɗakin taron nan ba, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, kujeru ɗari biyu yawancinsu babu kowa, furannin roba a kan tebur. Ciyaman ya miƙe ya ce kafin komai a yi wa Baba Sakatare addu'a, uban kamfani, mutum mai amana wanda ba za a sake samun irinsa ba. Ya ciro hankici ya goge idon da babu komai a cikinsa. Aka shafa. Da aka zo ƙuduri na bakwai, ɗaya daga cikin taran nan, tsohon mai gadi, ya ɗaga hannu yana so ya yi tambaya, aka ce lokaci ya ƙure. Sai lauya ya tashi ya karanta ƙananan baƙaƙen nan. Ciyaman ya jawo damin gabansa, da koren zarenka a jiki, ya ɗora hannu a kai ya ce a matsayinsa na wakilin waɗannan bayin Allah ɗari huɗu da uku da ba su zo ba, ya amince. Na duba agogo don aikina ne, minti sha ɗaya ƙudurin ya ɗauka. Aka tafa, aka buɗe kwanukan abinci.

Na ga mugunta a rayuwata, kuma na san kasuwa ba masallaci ba ce. Da sun kayar da kai kana tsaye, da na ce an yi kokawa an fi ƙarfinmu. Amma a ɗauki wahalar ƙafar mamaci, da rubutun hannunsa, da yardar da talakawa suka ba shi, a juya su a soki mutanen da su, bayan an gama ɗaga hannu ana yi masa addu'a, wannan ƙazanta ce da ban san sunanta ba. Tir da wannan ciniki. Tir da lauyan da ya ce komai bisa ƙa'ida aka yi, don na san bisa ƙa'idar aka yi, su suka rubuta ta. Su shida masu juya cokali kuwa, ƙyamarsu ta fi ta Ciyaman a wurina, don shi ko ba komai ya san abin da ya ci.

Ba su tsaya nan ba. Daga otal suka ɗunguma a jerin motoci zuwa gidanka yin gaisuwa. Tsofaffin ma'aikata suka tashi daga kan tabarma suka ba su wuri, Mai Almakashi har da riƙe wa Ciyaman takalmi. Na ji shi ta labule yana ce wa babban ɗanka, "Mu ne muka yi rashi, ku ɗauke ni uba." Ni ina ɗakin Mama cikin mata. Gwaggo mai keke ta matso ta kama hannuna ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "'Yar nan, kin je? Takardunmu sun yi magana?"

Na ce, "Sun yi, Gwaggo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ya gama aikinsa kafin ya tafi."

Na bar ta da wannan, kuma yau kwana ashirin ke nan. A cikinsu an fitar da labarin kwangilar asibitoci, farashi ya ninka, mijin 'yar Ciyaman ya zama darakta. Ƙananan masu hannun jari sun koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, ko sun haɗu kaf ba za su sake iya tsayar da komai ba. Tafin hannun Gwaggo da ka ɗora a kan soso, an ɗage shi da takardar da ta dangwala wa yatsa.

Ka sha gaya mini cewa bayanin taro abin da ya faru ake rubutawa, ba abin da manya suka so a ce ya faru ba. Na rubuta cewa an zartar da ƙuduri na bakwai da ƙuri'un mutum ɗari huɗu da uku waɗanda wakilinsu ya rasu kwana biyu kafin taro, kuma an san ya tara su ne don a ƙi. Sabon sakatare ya soke jimlar, ya rubuta "da gagarumin rinjaye" a samanta, ya ce in sake bugawa. Na sake bugawa, Baba. Ba zan ɓoye maka ba.

Shekaranjiya na je gidan Mai Almakashi, na ajiye motar a ƙofarsa, na karanta masa komai layi-layi yadda kake yi. Tsohon nan ya yi kuka kamar ba namiji ba, yana cewa shi ya ƙwace biron. Sun shirya ƙorafi zuwa hukumar da ke sa ido a kan kasuwar, amma wani lauya da ya tausaya musu ya ce ba zai yi nauyi ba sai da shaidar wani daga cikin ofis wanda ya ga takardun rajistar nan uku da kwangilar da aka ɓoye. Akwai layi a ƙasan takardar don sunan mai shaida. Na rubuta nawa cikakke, da lambar aikina. Ban san ko zai dawo musu da komai ba, na dai san aikina a kamfani ba zai kai ƙarshen wata ba, yaran kuma har yanzu uku ne. Da a cikin mota na rubuta shi ranar da ka tambaye ni, da yanzu wata ta'aziyyar nake yi maka.

Allah ya jiƙan ka, Baba Sakatare, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Takun da ka yi a Asabar shidan nan da ciwon gwiwa, Allah ya sa ka tarar da shi a mizani, can inda ba a karɓar wakilci kuma ba a soke jimlar kowa. Mama, Allah ya ba ki haƙuri da juriya, ya tsaya miki. 'Ya'yansa da jikokinsa, Allah ya albarkace ku, uba kuwa kun riga kun yi, kada ku karɓi wanda aka yi muku tayi. Tsofaffin ma'aikata, ta'aziyyar nan taku ce kamar yadda take tawa, ku yafe mini.

Gwaggo, na san jikarki za ta karanta miki wannan. Ranar nan a ɗakin Mama ƙarya na yi miki da gaskiya. Takardarki ta yi magana, amma da bakin Ciyaman ta yi, kuma layin da ya ba shi dama, sunana Baba ya so ya rubuta a wurin na ce a'a. Gobe da hantsi in Allah ya kai mu zan zo in faɗa miki da bakina.